RA'AYINMU: Matasan Bagudo, a yi wa fom ɗin JAMB noman tudu da fadama

Duk shekara idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, za ka ga matasanmu na ƙasar Bagudo sun yi sammako, daga Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya, wasu a kan babur wasu a motar kasuwa, sun nufi cibiyar rajista da kuɗin da aka sayar da buhun shinkafa ko akuya aka haɗa masu. Yaro zai wuni a layi, idan an zo kansa mai kwamfuta ya tambaye shi, "Wace makaranta? Wane kwas?" Nan take ya ce likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. "Zaɓi na biyu fa?" Ya ce likitanci a Bayero ta Kano. "Sauran guraben fa?" Sai ya ce, "Sa duk abin da ka ga dama." Shi ke nan, cikin minti biyar an yanke hukuncin shekara guda ta rayuwarsa, ba tare da ya yi shawara da malaminsa ko mahaifinsa ba, ba kuma tare da ya zauna ya auna kansa ba.

Bayan wata shida ko bakwai sai a iske wannan yaron a bakin tasha yana cewa an zalunce shi, ba a ba shi gurbi ba. Ba mu musanta cewa akwai zalunci da son kai a harkar ɗaukar ɗalibai a ƙasar nan ba, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma gaskiyar da ya wajaba mu gaya wa junanmu ita ce, da yawa daga cikin 'yan uwa tun ranar cike fom suka kayar da kansu, tun kafin su zauna gaban kwamfutar jarrabawa. A kan wannan ne muke son mu yi magana a wannan mako.

Babu wanda zai koya wa mutumin Bagudo hikimar da muke nufi, domin kuwa a gidanku kuka tashi kuka gan ta. Manomin da ke bakin kogin Kwara yana shuka shinkafa a fadama saboda ita ce mai kawo kuɗi, sa'annan ya hau tudu ya shuka gero da dawa, ya kuma bar 'yan awaki a gida. Da ambaliyar 2020 ta zo ta shafe gonakin shinkafa a jihar Kebbi, wanda ya zuba komai nasa a fadama ya wayi gari ba shi da ko tiya, wanda kuwa ya raba ƙafa ya sami abin da ya ci da iyalinsa har damina ta zagayo. Babu mai cewa wannan manomin ba shi da tawakkali, ko kuma ba shi da buri. Ya san halin ruwa ne kawai. To, fom ɗin JAMB ma gona ce mai fadama da tudu, amma sai ga ɗan manomin nan ya zuba irinsa duka a wuri guda, a wurin da ruwa ya fi ci.

Bari mu fara da girman ruwan. A jarrabawar 2025 mutum kimanin miliyan 1.9 suka zauna. Makin jarrabawar gaba ɗaya 400 ne, darasi huɗu, Turanci dole a cikinsu. A sakamakon farko da aka fitar fiye da mutum miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Daga baya shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami kuskuren na'ura, aka sake wa kusan mutum 380,000 jarrabawa a Legas da jihohin kudu maso gabas. Duk da haka, bayan an sake lissafi, kusan bakwai cikin kowane goma suna ƙasa da 200. Wato ke nan idan kun shiga ɗakin jarrabawa ku goma, uku ne kawai za su haye rabin maki. Likitanci kuwa, da lauya, da haɗa magunguna, da aikin jinya, a manyan jami'o'i ba a ma fara maganarsu a kusa da 200.

A taron tsara ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai na 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Nan ne 'yan uwa da yawa suke ruɗuwa. Yaro ya ji an ce 150 a rediyo, shi kuma yana da 185, sai ya fara karɓar barka. Alhali wannan adadi ƙofar zaure ce kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata sama da haka, kowane sashe kuma a cikin jami'ar yana da nasa makin gwargwadon yawan masu nema da yawan kujerun da yake da su. Kujerun likitanci ma ba jami'a ce kaɗai take yanke yawansu ba, majalisar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa ce take ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, haka nan majalisar kula da ilimin lauya take yi wa sashen shari'a. Ko shugaban jami'a ƙanin mahaifinka ne, kujerun nan ba sa ƙaruwa domin kai.

Abu na biyu da ya kamata kowane ɗan uwa ya sani shi ne yadda guraben fom ɗin suke aiki. Fom ɗin yana ba ka zaɓi fiye da ɗaya, akwai na farko, akwai na biyu, akwai kuma inda za ka sa kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi. Amma guraben nan ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi yawan jami'o'in gwamnati waɗanda suka sa su a zaɓi na farko kawai suke kira tantancewa, domin waɗannan ɗin ma sun fi ƙarfin kujerun da ake da su. Saboda haka wanda ya sa Zariya a farko ya sa Kano a na biyu, bai yi zaɓi biyu ba, ɗaya ya yi, na biyun ado ne. Wannan shi ya sa muke cewa zaɓi na farko shi ne gonar da za ka ci daga gare ta, kuma haramun ne a hankalce ka ba da shi ga wurin da ka san ƙafarka ba ta kai ba, don kawai a ji sunan a majalisa.

To ta yaya mutum zai san inda ƙafarsa ta kai? Da farko ka dubi takardarka ta WAEC ko NECO da idon gaskiya. Jami'a tana neman kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, har da Turanci, da Lissafi ga kwasa-kwasan kimiyya da fasaha da makamantansu, a zaman da bai wuce biyu ba. Jami'o'i da dama kuma a likitanci zama ɗaya suke karɓa. In ba ka da kiredit a Kimistiri, ko ka ci 300 a JAMB ba za a ba ka likitanci ba. Sa'annan ka tabbata darussan da ka zaɓa a JAMB su ne kwas ɗin yake nema. Mai son likitanci zai rubuta Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fizis. Mai son injiniyanci zai rubuta Turanci da Lissafi da Fizis da Kimistiri. Hukumar tana da kundin da ya jera kowane kwas da darussansa da makarantun da suke koyar da shi, kuma kyauta ake duba shi a intanet. Duk shekara akwai masu maki mai kyau da suke zama a gida saboda darasi ɗaya da aka zaɓa masu ba daidai ba. Bayan wannan ka nemi tsofaffin tambayoyi, ka sa agogo, ka gwada kanka sau uku ko huɗu ba tare da leƙen amsa ba. Makin da kake samu a ɗakinka shi ne ɗan uwan makin da za ka samu ranar jarrabawa. Wanda ya yaudari kansa a nan, to ba JAMB ya cuta ba.

Abu na uku, ku san haƙƙinku na 'yan jihar Kebbi. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta raba kujeru kashi uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, kowa da kowa a ƙasar nan yana takara a ciki, kashi 35 na 'yan yankin da aka ware wa jami'ar ne, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, jihar Kebbi tana cikinsu. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ɗan Bagudo da ya sa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yana da ƙofa fiye da ɗaya da zai iya shiga ta ciki, in ya rasa ta cancanta ya faɗa ta yanki. Jami'ar jiha kuwa 'yan jiha take fara dubawa. Wannan rabo ba sadaka ba ce, doka ce ta tanadar maku, amma ba ya bin mutum gida. Sai wanda ya sa makarantar da rabon yake aiki a cikinta, ya kuma riƙe takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, zai amfana da shi.

Ku dubi kuma abin da yake kusa da ku. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 babu jami'a ko ɗaya a cikinta, iyayenku da suka yi karatu sai da suka tafi Sakkwato ko Zariya. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. A 2020 aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga ta jiha a Dakingari nan maƙwabtanku, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga kwalejin aikin jinya a Birnin Kebbi, ga ta kiwon lafiya a Jega. Abin mamaki sai ka ji yaro ya san sunan jami'o'in Legas da Ibadan, amma bai taɓa tambayar waɗanne kwasa-kwasai ake yi a Aliero ba. Kusanci kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan talaka. Wanda yake karatu a cikin jiha zai iya zuwa gida ya ɗebi gari da shinkafa, ya taya noma lokacin hutu, in an tafi yajin aiki kuma ya dawo da kuɗin mota kaɗan. Ba mu manta da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ba, wanda ya ɗauki wata takwas cur.

Saboda haka ga shawararmu a fili. Kafin ka taka zuwa cibiyar rajista, ka ɗauki takarda ka rubuta makarantu a sahu uku. Sahu na farko na buri ne, kwas ɗin da zuciyarka take so ko da shigarsa da wuya, wannan ita ce fadamarka. Sahu na biyu na daidai ƙarfinka ne, inda makin da kake samu a gwaji ya kai ko ya ɗara abin da suka ɗauka bara, kuma rabon yanki yana taimakonka. Sahu na uku na tabbas ne, kwalejin kimiyya da fasaha ko ta ilimi wadda ka san in Allah Ya so ba za ta ƙi ka ba, kuma ka yarda a ranka cewa in ita ta samu za ka je. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Makarantar da ka rubuta amma ka san ba za ka taka ta ba, ba tudu ba ce, ɓata tawada ce. A gaban kowace makaranta ka rubuta kuɗin rajista, da na ɗaki, da na mota, sa'annan ka kai wa mahaifinka ko wanda yake ɗaukar nauyinka ku duba tare. Gurbin da aka ba ka amma aka kasa biya, da shi da babu duk ɗaya.

Mai tambaya zai ce, to in zaɓi na farko ne kaɗai yake da nauyi, ina zan sa burina? Amsa ita ce hukumar ta bar ƙofar canjin makaranta da canjin kwas bayan sakamako ya fito, ana biyan kuɗi kaɗan a yi a cibiyar da aka amince da ita. A nan ne takardar nan taka mai sahu uku za ta yi maka rana. A ce ɗan uwa daga Ka'oje ya sa likitanci a Sakkwato, sakamako ya fito ya ga 280, to ya tsaya a kan bakansa ya shirya wa tantancewa. In kuwa 205 ya gani, kada ya zauna jiran abin al'ajabi, a makon nan ya sauko sahu na biyu, ya koma wani kwas na kimiyya a Birnin Kebbi ko Aliero ko Zuru tun ba a rufe tantancewa ba. In 140 ya gani, ya mai da kwalejin da ya rubuta a sahu na uku ta zama zaɓinsa na farko. Masu asara su ne waɗanda suke ganin makinsu a watan Mayu, su yi ta jira har Nuwamba, sai an rufe ko'ina sa'annan su fara yawon neman wanda ya san wani. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Mun san abin da yake hana da yawa sauka sahu na uku, girman kai ne da tsoron bakin abokai. An sa wa matasa a rai cewa wanda bai shiga jami'a kai tsaye ba ya faɗi. Wannan magana ba ta da tushe. Mai takardar NCE bayan shekara uku, da mai difloma ta ƙasa bayan shekara biyu, da wanda ya yi IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, duk suna da hanyar shiga jami'a kai tsaye su fara daga aji biyu in sakamakonsu ya yi kyau. Mai difloma kuma yana iya zarcewa babbar difloma ya yi bautar ƙasa kamar kowa. Yanzu ku yi lissafi da kanku. Mutum biyu sun gama sakandare shekara ɗaya. Ɗaya ya ce ko likitanci ko babu, ya rubuta JAMB sau uku yana zaune a gida. Ɗayan ya shiga Argungu ko Waziri Umaru a shekarar farko. Bayan shekara uku na farkon yana nan da takardar sakandare, na biyun yana da takardar da zai nemi aiki da ita, kuma ƙofar jami'a tana buɗe a gabansa. Wane ne ya faɗi a cikinsu? Ku tuna kuma wanda ya gama digiri bayan ya wuce shekara 30 ba a tura shi bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, kuma ayyuka da yawa na gwamnati suna da iyakar shekaru. Shekarun da ake zubarwa a zaman jira ana biyansu a gaba.

Haka nan muna kira da a daina raina kwasa-kwasan da ƙasarmu take buƙata. A jihar nan aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015, ga manyan injinan casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, ga kogi da masunta, ga shanu a ƙasar Ka'oje. Su wa za su riƙe ilimin ƙasar noma, da na ban ruwa, da na kiwon kifi, da na lafiyar dabbobi, in 'ya'yan manoma da makiyaya duk sun ce sai lauya? Ku shiga makarantun ƙauyukanku ku ƙirga malaman Lissafi da na Fizis, ku shiga ɗakunan shan magani ku ƙirga ma'aikatan da suka ƙware. Wanda ya karanci ɗaya daga cikin waɗannan ya dawo gida, ya fi amfanar al'umma a kan wanda ya shekara biyar yana mafarkin farar riga.

Dalilin da ya sa muka keɓe Bagudo da wannan magana shi ne, zaman gida a bakin iyaka ba irin zaman gida a wani wuri ba ne. Saurayin da ya rasa gurbi a nan ba ya rasa mai kiransa. Ga babur, ga jarkoki, ga hanyar daji zuwa Segbana, a dare ɗaya ya sami abin da malamin firamare ba ya samu a mako. Sai ya ce bari in taɓa kafin JAMB ta zagayo. Daga nan littafi ya fita daga hannu, kuɗi ya shiga ido, shekara ta zama uku. Sana'ar kuma ba ta da gindi. Kun ga yadda aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 da umarni guda daga Abuja, kun ga yadda cire tallafin man fetur a 2023 ya sauya lissafin masu jarka. Ban da kamu, da harbi, da haɗarin hanya, waɗanda kowa a yankin nan ya san gidan da suka taɓa. Wannan ne ruwan da yake cin wanda bai yi noman tudu ba.

Akwai kuma tarko na biyu da iyakar take ɗana wa wanda ya gaji da jira, shi ne digirin Kwatano. Dillalai suna yawo suna cewa ba JAMB, ba yajin aiki, ka biya kuɗi cikin ɗan lokaci ka zama mai digiri. A ƙarshen Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai zauna aji ko sau ɗaya ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A ranar 2 ga Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa an gano fiye da mutum 21,000 masu takardun bogi daga Benin, da fiye da 1,000 daga Togo, na tsakanin 2019 da 2023. Ya ce jami'o'i biyar kawai gwamnati ta amince da su a Benin, uku a Togo, aka kuma ba da umarnin a sallami ma'aikatan da aka samu da takardun bogin. Ku yi tunanin uban da ya sayar da gona ko shanu ya biya wannan kuɗi, yau takardar tana cikin akwati ba ta da amfanin ko ƙunshe ƙosai. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban da asarar dukiya, wanda ya karɓi albashi da shaidar ilimin da bai yi ba, ya tambayi kansa me yake ci da iyalinsa.

Ba muna cewa babu ilimi a Benin ba ne. Jami'ar Abomey-Calavi da ta Parakou jami'o'in gwamnati ne na gaske, suna cikin waɗanda aka amince da su. Amma da Faransanci ake karatu a cikinsu, shekaru ake yi, jarrabawa ake ci ko a faɗi. Ɗan uwan da yake jin Faransanci, yana da dangi a Kandi ko Parakou, yana son ya bi wannan hanya, to ya fara tabbatar da matsayin makarantar a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kafin ya biya ko sisi, domin jerin yana iya sauyawa. Duk wanda kuwa ya ce maka zai kawo maka digiri har gida, ko ya ce a shekara ɗaya za ka gama, ɓarawo ne ko da rawani ya zo.

Irin wannan tarko yana nan a cikin gida ma. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa tsarin CAPS, wanda ta cikinsa ne kaɗai ake ba da gurbin karatu na halal. Makaranta ta ba da sunanka, hukumar ta amince, kai kuma ka shiga shafinka ka karɓa ko ka ƙi cikin wa'adin da aka sa. Duk gurbin da aka ba ka ta bayan gida, wanda bai fito a wannan tsari ba, za ka iya shekara huɗu kana karatu, ranar tafiya bautar ƙasa a ce ba a san da kai ba. Don haka ka riƙa duba shafinka da kanka. Layin wayar da ka yi rajista da shi ya zama naka, kada ya ɓata, kada ka ba wani lambobin sirrinka. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, saboda haka ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da takardar sakandare da ta ƙaramar hukuma. Harafi ɗaya da ya bambanta yana iya jawo maka zirga-zirgar wata da watanni. Kafin ka bar cibiyar rajista ka karanta takardar da aka buga maka layi-layi. Zuwa da kai ya fi aike.

Game da kuɗi, a 2024 an kafa asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda yake biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ya fara kuma da ba da Naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, kuma bashi abin biya ne, kowa ya yi shawara da iyayensa da malamansa kafin ya ɗauka. Amma ku lura, sai wanda ya sami gurbi ta hanyar JAMB a makarantar gwamnati yake da wannan dama. Mai digirin dillali ba shi da rabo a ciki.

Muna kira ga iyaye da su daina ɗora wa yaro kwas don a kira su baban likita. Ku tambaye shi abin da yake iyawa, ku tambayi malamansa. Muna kira ga 'yan uwa da suka riga suka shiga Sakkwato da Birnin Kebbi da Aliero da Zuru, idan kun zo hutu ku tara ƙannenku na aji shida a makaranta ko a ƙofar gida, ku gaya masu makin da aka ɗauka a sashenku bara, da abin da kuke kashewa a zango, da kuskuren da kuka yi. Wannan bayani a wurinku ba komai ba ne, a wurin yaron da yake Lolo ko Tsamiya kuwa shekara guda ce ta rayuwarsa. Muna kuma kira ga shugabannin makarantun sakandare na yankin da su ware rana guda kafin a buɗe rajista domin wannan aiki kaɗai, kada a bar mai kwamfuta ya zama shi ne mai ba yaranmu shawara.

Kai kuma ɗan uwa da kake riƙe da wannan jarida, in kana cikin masu rajista a bana, kada ka kwanta yau sai ka ɗauki takarda ka ja layi uku. Ka sa burinka a sama, ba mu hana ka ba, ka yi karatu kamar shi kaɗai ka rubuta, ka yi addu'a, ka nemi zaɓin Allah. Amma ka cika layi na biyu da na uku da sunayen makarantun da ka bincika, waɗanda ka yarda za ka je. Gobe ka kai wa mahaifinka da malaminka su gani.

Allah Ya yi wa karatunku albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya tsare ku daga hanyar da ba ta ɓullewa. Wassalam.